Ƙwayar Milton: Inda Ta Cancanci Kuɗinta, da Inda Sabulu da Jik Suka Isa

Ga gidan da ake ba jariri madara ko tatsattsen nono a fida, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙwayar Milton, wadda ake narkarwa a ruwa a jiƙa fida a ciki, ita ce hanyar kashe ƙwayoyin cuta da ta fi sauƙin bi kullum ba fashi. Wannan shi ne ra'ayinmu a kanta, kuma shi ya sa muke ba masu jego a Bauchi shawarar su ajiye kwali ɗaya. Sai dai ana yi mata amfani iri biyu da ba su dace ba. Wasu suna ɗaukarta abin wanki, su jefa fida da guntun madara a ciki. Wasu kuma suna ƙarar da ita a kan baho da fo da keken koyon tafiya, kayan da sabulu da ɗan Jik za su yi musu aikin da ya fi nata a kan kuɗi kaɗan.

Milton asalinsa kayan Ingila ne, tun 1916 ake yin ruwansa. Yanzu yana zuwa iri biyu, na ruwa a roba da kuma ƙwaya, kowace a naɗe cikin takardarta mai ƙyalli. Kwalin da aka fi sani yana da ƙwaya 28, wato mako 4 cif idan ana jefa ɗaya a rana. Abin da ke aikin a ciki kulorin ne, ɗan'uwan wanda ke cikin Jik da Hypo. A jikin kwalin za a ga an rubuta troclosene sodium, wani wurin NaDCC, kuma sinadarin nan ne dai ake yin ƙwayoyin tsabtace ruwan sha irin Aquatabs da shi, illa ƙarfin ya bambanta. Da ta shiga ruwa sai ta yi ta kumfa har ta narke, ta saki kulorin daidai gwargwado.

Tsakanin na ruwan da ƙwayar, ƙwayar muka zaɓa, kuma yanayin garinmu ne dalili. Ruwan kulorin yana rage ƙarfi da kansa, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta hakan. Robar da ta yi watanni a kan kantar shago mai rufin kwano, a Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, ba za ta ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba, kuma ido ba ya gane hakan. Ƙwaya kuwa muddin takardarta ba ta huje ba, tana shekaru da ƙarfinta. Ga shi ba ta buƙatar cokali ko murfin awo. Abu ɗaya kawai ake aunawa, ruwa.

Me ya sa ake wannan ɗawainiyar tun farko? Madara abinci ce ga ƙwayoyin cuta kamar yadda take ga jariri. A ɗumi irin na jikin mutum, wasunsu suna ninka yawansu duk minti 20, ta yadda guda ɗaya za ta haura 4,000 a cikin awa 4. Ɗakin da ba fanka a bazara kusan wannan ɗumin gare shi. Jaririn da bai kai wata 3 ba, ko bakwaini, garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, gudawar kwana ɗaya tana iya zuƙe masa ruwan jiki. Haka kuma zawon da ake ɗora wa fitar haƙori, mafi yawansa ba haƙorin ba ne. A watannin nan ne yaro ke rarrafe, dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, a daidai lokacin da aka fara ba shi kunu a kofi da cokali. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a 2021. A 2022 an shigar da rigakafin rota, wata ƙwayar cutar gudawar yara, cikin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya, ɗigo ne a baki, kuma ya kamata kowace uwa ta tabbatar ɗanta ya samu. Amma cuta ɗaya yake karewa a cikin masu yawa da ke kawo gudawa, sauran sai tsabta.

Yanzu ga yadda ake aikin, uwargida, kuma a matakin farko ne aka fi faɗuwa. Da yaro ya gama sha, ki zubar da ragowar, ki ɗauraye fidar da ruwan sanyi nan take. Ba ruwan zafi ba, domin zafi yana dafa madarar ta manne a jikin roba. Daga nan ki warware komai: kwalbar daban, nonon roba daban, zoben da ke ɗaure shi daban, murfi daban, in akwai ɗan bututun iska shi ma ki cire. Mata da yawa ba sa raba nonon da zoben. Ki cire shi ki duba lungun da gindinsa ke zama, ki goga ɗan yatsa a wurin. Za ki ji santsi, wani lokaci ki ga farin abu mai ɗan rawaya ya taru a cikin zaren murɗin, yana tsami-tsami. Maiƙon madara ne, kuma a ƙarƙashinsa ƙwayoyin cuta ke fakewa. Kulorin ba ya ratsa maiƙo. Yana haɗuwa da dattin ya ƙare a kansa kafin ya kai ga abin da aka sa shi ya kashe. Jiƙa fidar da ba a wanke ba a cikin Milton tamkar shafa turare ne a jikin da bai ga wanka ba.

Don haka ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, irin su Morning Fresh ko Mama Lemon, a roba ta musamman da ba a wanke tukunyar miya a cikinta. Ki sa buroshin fida ya kai gindin kwalbar da kafaɗarta, inda take lanƙwasa. Nonon ki juya cikinsa waje ki cuɗa, ki matsa ruwan sabulu ya fita ta hujin. Soson ƙarfe da toka da yashi ba su da wuri a nan, suna karce roba, kuma kowane karce maɓoya ce. Omo da Klin na tufafi ne, ƙamshinsu yana kama roba ya ƙi fita. Sai ki ɗauraye sosai har santsin sabulu ya tafi. Buroshin shi ma a wanke shi, a rataye ya bushe, kada ya kwana a cikin ruwa.

Awon da ke jikin kwalin Ingila shi ne ƙwaya 1 a lita 5 na ruwan sanyi. Amma ki karanta naki kwalin, saboda wanda aka yi don wasu ƙasashe girman ƙwayarsa daban ne, awon ruwansa ma daban. Hanya mafi sauƙi ta gane lita 5 ita ce fiya wata mai rabin lita guda 10. Ki juye su sau ɗaya a robar da kika ware, ki ja layi da alƙalamin maka a inda ruwan ya tsaya, shi ke nan kin huta da awo. Kada a yi shi da ka. Bokitin da ake cewa ƙarami yakan ci lita 10, wanda ya jefa ƙwaya ɗaya a ciki ya raba ƙarfin biyu, kayan za su fito da warin kulorin amma aikin bai cika ba. Wanda kuma ya jefa biyu a lita 5 don ya ƙara tabbatarwa, nonon roba zai ci, ya sa yaro ya ƙi fidar. Idan kayan kaɗan ne, rabin ƙwaya a lita 2 da rabi daidai ne a lissafi, sai dai ragowar rabin tana shan laima da sauri, musamman da damina, don haka a naɗe ta tsam a yi amfani da ita washegari. Mai na ruwa kuma, awonsa mililita 30 ne a lita 5 idan mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ne.

Robar ta zama ta filastik mai murfi. Ba kwanon silba ba, ba tukunyar dalma ba, ba fanteka mai fashewar fenti ba, domin kulorin yana cin ƙarfe. Kamfanin yana sayar da tasa robar mai lita 5 da wani faifai da ke danne kaya a ƙarƙashin ruwa. Tana da kyau, amma ba dole ba ce. Sabuwar robar abinci mai murfi da farantin roba da zai shiga cikinta sun wadatar.

Sai nutsarwa, wadda ita ce ta biyu a yawan kuskure. Ki jira ƙwayar ta gama narkewa. Ki karkata kowace kwalba ta cika da ruwan har kumfar iska ta daina fita, sannan ki sake ta. Ki duba cikin nonon: a can ƙarshensa, daidai wurin da ke shiga bakin yaro, ɗan ƙwan iska yakan maƙale yana ƙyalli. Inda iska take ruwan bai taɓa ba, inda ruwan bai taɓa ba kuwa ba a kashe komai ba. Ki matsa shi a ƙarƙashin ruwa har ƙwan ya fice. Murafe da zobba suna tasowa sama, su ne farantin zai danne. Ki rufe, ki duba agogo. Kamfanin ya ce minti 15, hukumar lafiyar Ingila ta ce aƙalla minti 30 ga irin wannan hanya ta ruwan sanyi. Mu na 30 muke ɗauka, tunda ruwanmu ba kullum yake garau ba, kuma ƙarin mintunan ba sa cin kuɗi. Idan aka ƙara wani abu a tsakiya, nasa lokacin daga shigarsa yake farawa.

Alherin wannan hanya shi ne ruwan yana aiki har awa 24. Kayan za su iya zama a ciki a rufe har sai an buƙace su, wato robar ita ce ma'ajiya. Ƙurar hunturu ba ta sauka a kansu, ƙuda da kyankyaso ba sa hawa, ɓera ba ya bi ta kai da dare. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a jihar da ke cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba, cutar da fitsari da kashin ɓera ke yaɗawa a kan abinci da kwanuka. Uwar da yaro ya tasa ƙarfe 2 na dare ba sai ta hura wuta don tafasa fida ba. Amma awa 24 ɗin iyaka ce. Ki zaɓi lokaci guda, misali bayan sallar asuba, ki zubar ki haɗa sabo. Ruwan jiya yana iya ci gaba da wari alhali ƙarfinsa ya sauka, don haka hanci ba ma'auni ba ne. In ya yi duhu-duhu ko kika ga farin abu na yawo a ciki, ki zubar ko awa 2 bai yi ba. Robar ta zauna a inuwa, nesa da murhu da taga.

Wajen cirewa, ki fara wanke hannu da sabulu. Ki kama kwalba ta waje, nonon kuma ta gefen gindinsa, ki yarfe ruwan, ki haɗa fidar nan take. Kada ki goge da tawul ko bakin zani. Batun ɗauraya an rabu biyu: kamfanin ya ce ba sai an ɗauraye ba, ɗan abin da ya rage ba ya cutarwa; hukumar lafiyar Ingila ta ce a yarfe ko a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Duka biyun sun yi. Wanda bai yi ba shi ne ɗauraya da ruwan randa ko na jarka, wanda ke mayar da duk abin da aka kashe. Wasu jarirai suna ƙin warin, musamman a makonnin farko. Irin waɗannan a ɗauraye musu da ruwan fulas.

Maganar ruwa tana buƙatar a tsaya a kanta. Ruwan famfo da ke zuwa daga Gubi, ko na Dadin Kowa ga mutanen Gombe, da na burtsatse, idan ya fito garau ya isa a haɗa Milton da shi kai tsaye. Matsalar tana ga ruwan rijiya da damina da kuma na 'yan garuwa idan ya zo da laka. Laka tana shanye kulorin kamar yadda madara ke yi. Irin wannan a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace da farin ƙyalle mai tsabta kafin a jefa ƙwayar. In bai washe ba, a nemi wani. Ruwan zafi kuma ba a haɗa ta da shi, yana korar kulorin ya bi iska, ya shaƙe mai aikin.

A ɓangaren kayan wasa, ma'aunin shi ne: yana shiga baki? Robar cizo ta masu fitar haƙori, robar tsotso, kacau-kacau marar huji, cokali da kofin roba, sirinjin ba da magani, sassan na'urar tatsar nono, duk waɗannan su ne abokan fida a cikin robar, bayan an wanke su da sabulu. Na tsotso da na cizo kullum, sauran ƙananan kayan wasa na roba sau 1 a mako ya isa ga yaro mai lafiya. A ƙara idan yaro ya yi gudawa ko mura, ko bayan taro irin na suna da 'ya'yan baƙi suka yi ta wasa da su, ko idan abin ya faɗa kwata ko inda kaji ke kiwo. Gidajen raino da yara da yawa ke musayar abin wasa ɗaya, su kullum ne, kuma abin da ya shiga bakin wani yaro a ɗauke shi gefe har sai an wanke.

Akwai wanda muke so a yi wa kallo na musamman, wato ɗan agwagwa ko kifin roba mai huji a ƙasa, wanda ke ƙara idan an matsa, ana saka wa yaro a baho. Ruwan wanka yana shiga ta hujin ba ya fita duka. Ki matsa shi a kan farin faranti. Idan ruwan ya fito da baƙin ɓarɓashi ko kore-kore mai yauƙi, fumfuna ce ta yi gida a ciki, kuma wannan ruwan ne yaro ke tsotsa. Buroshi ba ya shiga wurin, Milton kuma ba ya kankare abin da ya riga ya manne. A jefar da shi. In sabo ne, a toshe hujin da gam mai ƙarfi tun kafin ya taɓa ruwa, ko a hana shi shiga baho.

Sauran kayan ba na jiƙawa ba ne. Mota ko waya mai batir, a cire batirin, a goge da ƙyallen da aka tsoma a ruwan sabulu aka matse, a bi da wani da aka tsoma a ruwan Milton, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. A duba murfin batirin yana da sukurunsa, musamman mai ɗan batir kamar maɓalli, wanda in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin awoyi kaɗan. Na katako a goge kawai, jiƙawa tana kumbura shi ya tsage. Tedi da 'yar tsana ta yadi, kulorin zai ɓata musu launi, nasu wanki ne da sabulu, ɗauraya mai yawa, a matse, a shanya a rana a kan igiya har cikin audugar ya bushe, wanda da damina yakan ɗauki kwana 2. Tedin da aka ɗauke da sauran danshi ya fi wanda ba a wanke ba wari. Kayan wasan gwanjo da ake saye a Wunti ko Muda Lawal, a wanke su kafin su shiga hannun yaro, amma wanda fentinsa ke ɓarewa a bar shi a kasuwa, don ba ruwan da ke cire gubar dalma daga tsohon fenti.

Manyan kaya kuwa, a nan ne Milton ke zama asara. Baho, fo, kujerar cin abinci, keken koyon tafiya, ledar da yaro ke rarrafe a kai, yawancin ranaku sabulu da ruwa da rana sun ishe su. Ranar da ake buƙatar fiye da haka, Jik ko Hypo marar ƙamshi ya fi arha nesa ba kusa ba. Ƙarfinsu yawanci kashi 3.5 cikin 100 ne, a duba jikin robar. Don kayan wasa na roba, mililita 5 a lita 1 na ruwa, wato cokalin shayi 1, a jiƙa aƙalla minti 2, a bari ya bushe. Wannan ya ɗan ɗara ruwan Milton ƙarfi, kuma ya yi daidai da abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yarda a tsabtace fida da shi idan babu wata hanya. Abin da amai ko gudawa ya taɓa, bayan an wanke, mililita 30 a lita 1, minti 5 zuwa 10, sannan a ɗauraye. Fo ɗin yaro mai gudawa, kashi 1 na Jik a kashi 6 na ruwa, irin haɗin da ake yi a asibiti, minti 10. A fara zubar da abin da ke ciki a wanke, saboda kulorin da fitsari suna ta da hayaƙi mai yaji. Haka yake da Harpic da ruwan khal da lemon tsami, kada a haɗa su da Jik ko Milton ko kusa. A auna da sirinji ko ɗan kofin awon maganin yara, kada a tsiyaya daga bakin roba.

To tunda Jik zai iya, me ya sa za a sayi Milton? Saboda awo. Kuskuren mililita 5 a kan baho ba komai ba ne, a kan nonon fidar ɗan sati 2 kuwa wani abu ne. Ga shi ba a san tsawon zaman da robar Jik ta yi a rana ba. A gidan da yau uwa ce ke haɗawa, gobe kaka, jibi 'yar raino, "ƙwaya ɗaya, ruwa zuwa layi" umarni ne da ba ya rikicewa. Wannan sauƙin shi ake biya wa kuɗi. Dettol da Izal kuma ba sa cikin wannan lissafi sam. Na fata da ƙasa da banɗaki ne, guba ne a ciki, warinsu yana kama roba. Duk abin da zai shiga bakin yaro kada su taɓa shi.

Tafasawa fa? Ta fi Milton kisa, wannan gaskiya ce. Akwai wata ƙwayar cutar gudawa mai kauri a jiki, kiriftosforidiyom, da kulorin a wannan ƙarfi ba ya yi mata komai, tafasa kuwa tana gamawa da ita. Minti 10 a cikin ruwan da ke tafarfasa, komai a nutse, a tukunya mai murfi da aka ware. Idan yaro yana fama da gudawar da ta ƙi tsayawa, bayan an kai shi asibiti, a koma tafasa kayansa har ya warke. Illarta ita ce gas ko gawayi sau 2 ko 3 a rana, nonon roba yana saurin laushi, hayaƙin itace yana kama kwalba, kuma tukunyar da aka manta a wuta tana narkar da fida. A duba gindin kwalbar ma: mai lamba 5 ko harafin PP tana jure tafasa. Tsohuwar kwalba mai tauri garau kamar gilashi mai lamba 7 tana iya ƙunsar sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana a fidar jarirai a 2011, kuma zafi yana ƙara fitar da shi. Na'urar tururi ta lantarki irin ta Philips Avent ko Tommee Tippee tana gama aiki cikin minti 10 ko ƙasa da haka, ba wari, amma tana jan wuta kusan wat 600, ga tsada, ga farin gishirin ruwan burtsatse da ke taruwa a farantinta sai ana kankarewa duk wata. Mai sola mai ƙarfi ya saya. Wanda ke jiran a kawo wuta, ko ya saya sai ya ajiye Milton a gefe.

Aibin Milton da za a sani kafin a saya: kuɗinta ba ya ƙarewa, kwali ne duk wata har yaro ya shekara in ana bin shawarar hukumar lafiyar Ingila. Wanda aljihunsa bai kai ba ya fi mayar da hankali ga watanni 3 na farko da lokutan rashin lafiya, sauran lokaci wanki mai kyau da tafasa sau 1 a rana. Tana busar da fatar hannu, mai tsagewar hannu da hunturu ta sa safar roba. Ɗigonta yana cin launin atamfa. Tana dusashe lambobin awo na jikin kwalba mai arha, abin da ke kai ga haɗa madara ba daidai ba. Nonon roba mai ruwan ƙasa yana yin danƙo da wuri, fari mai sheƙi ya fi jurewa. Kowane iri ne dai a ja shi da yatsa a duba kafin a ba yaro, a canza duk wata 2 zuwa 3, ko da zarar ya tsage ko hujin ya buɗe.

Abu ɗaya kuma da ba laifin Milton ba ne amma yana rushe aikinta: garin madarar gwangwani shi kansa ba a kashe masa ƙwayoyin cuta duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, wato wanda aka tafasa bai wuce minti 30 da saukewa ba, sannan a sanyaya fidar a cikin ruwa kafin a bayar. Abin da ya rage bayan awa 2 a zubar, kada a ajiye a cikin zani don anjima. Ruwan Milton kuma ba a dama madara da shi. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ya fi duk wannan, kuma inda dole sai an ba da wani abu, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nuna shi.

Ba kowane kemis na unguwa ke ajiye ta ba, an fi dacewa a manyan famasi da shagunan kayan jarirai. Maigida in zai sayo ya duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC, ya latsa takardar ƙwayar ya ji tana da tauri. Wadda ta kumbura, ko ta zama gari, ko warin kulorin ke fitowa tun ba a buɗe ba, laima ta shige ta. Kada a karɓi ƙwaya tsirara da aka ƙulla a leda. A gida a ajiye kwalin a sama, nesa da magunguna, don fara ce mai faɗi, yaro zai ɗauka alewa ce, babba ma yana iya ɗauka magani ne a duhu. Robar ruwan ita ma a ɗora ta inda mai rarrafe ba zai kai ba, lita 5 ya isa yaro ya kifa kai a ciki. Idan yaro ya kurɓi ruwan da aka riga aka haɗa, ruwan ba shi da ƙarfi sosai, a ba shi ruwa ko nono a sa masa ido. Idan ƙwayar ce ya tauna, ko Jik tsantsa ya sha, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. A wanke masa baki, a ba shi ruwa kaɗan in yana iya haɗiya, a ɗauki kwalin ko robar a tafi da shi asibiti mafi kusa, a cikin garin Bauchi sashen gaggawa na yara na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru. In ido ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 kafin a kama hanya.